Gajeren Zango

Shekara talatin da biyu Baba Tanimu
na zaune a bakin kasuwar Sabon Gari,
ƙarfen dalma a dama, tabarau ɗaure da zare,
yana mayar wa matattun rediyoyi da baki.
Yakan ce: iska ba ta taɓa zama fanko ba,
kunne ne dai ba shi da eriya.

Ran Laraba, a gangaren Kwangila,
akuya ta gitta, ɗan acaɓa ya take burki.
Baba ya faɗi, ya miƙe, ya kaɗe riga,
ya nemo hularsa, ya biya yaron kuɗinsa cif.
Ko ƙwarzane babu.
Ya yi la'asar cikin jam'i,
ya ci tuwon dare, har ya ce miya ta yi gishiri.

Sai ya kira ni da sunan ƙanwarsa
wadda aka binne tun ban zo duniya ba.
Kofin shayi ya suɓuce daga hagunsa.
Magana ta koma irin ta tasha mai nisa:
kalma, shuuu, kalma.

Shika da dare. Fitilu farare, warin magani,
benci cike da masu jiran a kira suna.
Babban injin hoton kai na can ƙarshen baranda,
mutum tara a gabanmu, kowa da nasa.
Raunin da ake gani shi ke da baki.
Na Baba bebe ne, yana rufe cikin ƙoƙo
kamar ruwan da ke cin gini ta ƙarƙashi.

Dakta Saratu ta haska idonsa, ta yi jim.
Ta ce, "A kira mini Istifanus."
Ya zo da wata aba kamar hular kwano,
wayoyi na reto, ƙananan eriyoyi kewaye da ita
kamar 'yan mata sun yi da'irar gaɗa.

Na ce, "Mece ce wannan?"
Ya ce, "Rediyo ce, sai dai ita tambaya take yi.
Wannan gefe ya aika, wancan ya saurara.
Igiyar ta ratsa ƙashi, ta bi ta ƙwaƙwalwa.
In ta tarar da jini kwance inda ba gurbinsa ba
sai ta yi nauyin ƙafa,
ta iso a makare, murya a dishe."

Baba ya buɗe ido ɗaya.
"Wane zango?" in ji shi, harshe na harɗewa.
Istifanus ya sunkuya. "Gajere ƙwarai, Baba."
Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya san aiki.

Ban ji komai ba. Ba ƙara, ba kiɗa, ba labarai.
Na ƙirga numfashinsa har arba'in da ɗaya,
na ɓata, na sake daga farko.
A allo layi biyu suka taho tare,
sai na dama ya rabu da ɗan'uwansa, ya karkace.
Dakta ba ta ɗaga murya ba.
Gadon ne ya yi gudu,
mutum taran suka janye ƙafafu.
Babban injin ya ce hakane.
Ƙofar tiyata ta haɗiye shi kafin assalatu.

Yau sati biyar. Muna tsakar gida a Tudun Wada.
Yana shafa ɗinkin da ke bayan kunnensa
kamar mai duba dalmar wani,
ya ce, "Hannun nan bai yi rawa ba."
Hagun har yanzu sai an lallashe ta.

Ya sa na ɗauko tsohuwar rediyonsa.
Ina murɗawa, Kaduna ta wuce, wata tasha ta wuce,
na faɗa cikin shuuu ɗin da ke tsakani.
Zan wuce, ya riƙe mini yatsa.
"Bar shi nan, Ladidi.
A nan aka same ni."